Littafin 'yata ya cika da zanen wake, anya karatu ake yi kuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman da ke cikinmu. 'Yata shekararta 7, tana aji biyu na firamare. Bara malaminsu kan cika allo su kwafa, littafinta tsaf-tsaf. Bana sabuwar malama ta sa sun jiƙa auduga a kwalba sun dasa wake, kullum su zana abin da suka gani, su rubuta jimla ɗaya ko biyu da kansu. Rubutun duk kurakurai, har b take juyawa ta koma d, malamar kuma ba ta bin kowane kuskure da jan biro. Hankalina bai kwanta ba. In kai ƙara wurin hedimasta ne?

Tsohon malamin firamare: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki dakata tukuna. Yaro na iya kwafe shafi guda daga allo bai san me ya rubuta ba. Amma ranar da 'yarki ta leƙa kwalba ta rubuta "saiwa ta fito ta yi ƙasa", to ta lura, ta nemo kalma, ta haɗa haruffan da kanta. Nan rubutu da kimiyya suka haɗu, don ta gane da idonta cewa saiwa ce ke riga tsiro fitowa. Juya b da d kuwa ruwan dare ne a wannan shekarun. In ta haura 8 abin bai ragu ba, sai a duba ta da kyau. Batun jan biro, in aka jajjage wa yaro shafi da ja, gobe kalmomin da ya tabbatar kawai zai rubuta, shi ya sa ake zaɓar kuskure ɗaya ko biyu a gyara.

Wata uwa: Malam, na yarda, amma hannu ma sai da horo. Maman yarinya, ki duba riƙon fensirinta: tsakanin babban yatsa da manuniya, ya kwanta a kan na tsakiya. Ki kuma tambayi malamar ko akwai lokacin gyaran hannu da shifta daban. In babu, a nan kike da magana.

Malamar kimiyya: Ki gwada yarinyar da dashen waken a gida, 'yar'uwa. Kwalba biyu, ɗaya kusa da taga, ɗaya cikin kabad mai duhu. Kafin komai ta rubuta abin da take zaton zai faru. Yawancin yara cewa suke na duhun ba zai tsiro ba. Zai tsiro, don ruwa da iska da ɗumi yake bukata a farko. Sai dai zai zuƙe, siriri, launinsa fari-fari zuwa rawaya, saboda sai da haske ganye ke yin kore. Kada ki faɗa mata amsar, ki bari ta gani ta gyara abin da ta rubuta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malamar zan fara samu. Malam, shiftar ta kai kalma nawa?

Tsohon malamin firamare: Biyar sun isa, kuma ki ɗebo su daga littafin waken nata: saiwa, tsiro, ganye, ruwa, haske.