Ni tsintsiya, gidansu lema: a sa rana kafin zaɓe ko a bari ya wuce?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen manya. Akwai yarinyar da nake nema a unguwar Rafindadi, cikin birnin Katsina, iyaye sun shiga maganar, an kai gaisuwa, saura sa rana. Ni ina cikin matasan APC na mazaɓarmu, ina rubutu a Facebook, ana kuma ɗan ba ni na data. Mahaifinta ɗan PDP ne tun 1999, bai taɓa motsawa ba. Ita ma ba bin uba kawai take yi ba, ta san abin da take faɗa. Da an taɓo tsadar rayuwa ko tsaro a wurin zance sai hira ta koma musu, har a kwana biyu ba waya. Ga zaɓen 2027 na ƙaratowa. A sa rana kafin zaɓe, ko a bari ƙura ta lafa? Kuma me ya kamata mu daidaita tun yanzu don kada abin ya bi mu cikin gida?

Baba Na Kangiwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, fara cire wa kanka tsoron sunan jam'iyya, ba shi ne matsalarka ba. A jamhuriya ta biyu Umaru Musa 'Yar'aduwa yana PRP, mahaifinsa yana NPN, gida ɗaya. Aminu Bello Masari ya yi kakakin majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2007 a PDP, ya nemi gwamnan Katsina a CPC a 2011, ya ci a APC a 2015. Ibrahim Shema da ya kayar da shi a 2011 yana riƙe da lema, a 2023 ya ɗauki tsintsiya. Ka duba zaɓen 2023 ɗin ma: ranar 25 ga Fabrairu Atiku na PDP ya ci Jihar Katsina da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, bayan sati uku Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna da tazarar sama da 300,000. Mutanen nan dai su ne, a gidajen nan dai suke kwana. Wanda ya ɓata da surukinsa kan jam'iyya, wata rana zai buɗe waya ya ga ubangidansa da na surukin suna ɗaga hannun juna a kan mumbari.

Abin da ya tsaya min a bayaninka shi ne na data ɗin nan. Mai ra'ayi yana iya yin shiru in ya ga dama. Wanda ake biya kuwa ba shi da wannan damar, ranar da aka turo masa abin da zai sa sai ya sa. Dattijon nan zai iya jure suruki ɗan APC. Ba zai jure a kawo masa waya a majalisarsu bayan Isha'i a ce ga abin da mai neman 'yarka ya rubuta a kan mutuminka ba. Daga nan ake fara jan ƙafa da sa rana, a ce ana jiran wani kawu ya dawo daga tafiya.

Batun lokaci, ni na fi son ko dai a ɗaura kafin a buɗe kamfen, ko a bari a sanar da sakamakon gwamna a ƙara wata guda. A zaɓen da ya wuce kwana 150 doka ta ba kamfen, an fara tun ƙarshen Satumban 2022. Cikin waɗannan watanni duk taro ya zama filin siyasa, har jana'iza ba ta tsira ba. In dole sai a tsakiya, to kiyaye waɗannan. Kada ka sa ɗan takara ko mai riƙe da muƙami ya zama wakilinka wajen karɓar aure, baffanka ya isa. Kada ka bari ubangidanka ya biya maka sadaki a bainar jama'a, gidan amarya za su karanta shi a matsayin an zo nuna musu ƙarfi a ƙofar gidansu. In zai taimaka ya ba ka a ɓoye, ka haɗa da naka. Katin gayyata ba tambari, ba jerin manyan baƙi 'yan jam'iyya ɗaya. A ja sanƙira gefe tun da wuri, a sallame shi da kyau, a ce ba kirarin jam'iyya. Kuma a gaya wa duk wani babba da za a gayyata ya zo da mota ɗaya. Ayari shi ke jawo ƙauraye, wato 'yan daba, su kuma ba ɗaurin aure ya kawo su ba.

Anti Mai Lalle, Daura

Baba ya gama da waje, bari in shiga cikin gida, don can ne matar za ta zauna ita kaɗai ba mahaifinta kusa.

Ƙanena, ku zauna ku biyu, da rana ba ta waya ba, ku yi maganar abubuwan da ido ke gani. Fosta a bangon gida da jikin ƙofa: za a manna ko ba za a manna ba? Mafi sauƙi kada a manna ta kowa, domin duk ranar da mahaifinta ya zo duba ta, da wannan hoton zai fara gaisawa. Atamfar kamfen mai hoton ɗan takara: in an ba ka turmi ka kai wa yayyenka, kada ka ajiye mata a kan gado ka ce ta ɗinka. Taron matasa a zaure: sau nawa a sati, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai dafa? Wannan na ƙarshen ya fi kowanne kawo faɗa. Mace tana tsaye a kan tukunya tana dafa wa mutum goma sha biyar shinkafa da wake, tana jiyo su ta taga suna yi wa jam'iyyar ubanta dariya. Ba za ta yi magana ranar ba, amma tana ajiyewa. Ku yi taronku a ofishin mazaɓa ko wurin mai shayi. Kayan rabo kuma, buhun shinkafa ko katan ɗin taliya, in ya shigo daga ɓangarenka ko ya zo daga gidansu, abinci ne, a ci a yi shiru. Gorin "ai gwamnatinmu ce ke ciyar da ke" saki ne da ba a furta ba.

Sai waya. Ku fitar da juna daga guruf ɗin siyasa na WhatsApp. Kada ka yi mata martani a ƙarƙashin rubutunta, kada ta yi maka, domin abokanka za su shigo su taya ka, su faɗa mata abin da kai ba za ka iya faɗa ba, kuma ba ka da hanyar janye shi. Guruf ɗin dangi kuwa sai gaisuwar Juma'a da sanarwar suna.

Amma akwai inda na ɗan bambanta da Baba. Ya ce jam'iyya ba komai ba ce, gaskiya ne, sai dai kai ka ce musunku kan tsadar rayuwa ne da tsaro. Wannan ba tambari ba ne, abin da ke cikin tukunya ne da wanda aka binne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, mace ce ke ganin yadda kuɗin cefane ke ƙarewa kafin la'asar. In ta ce rayuwa ta yi tsada ka amsa mata da jawabin kare gwamnati, abin da za ta ji shi ne ba ka yarda da abin da idonta ya gani ba. Ka fara cewa gaskiya ne, ta yi tsada, sannan ku yi musun dalili. Haka batun sulhu da 'yan bindiga. Ka bincika ko tana da dangi a Batsari, Jibiya, Safana ko Ƙanƙara kafin ka buɗe baki. Wanda aka sace masa ɗan'uwa ko aka tashe su daga gona ba muhawara yake yi ba.

Ka lura da yadda musun ke ƙarewa, ba abin da aka faɗa ba. In kuna yi kuna dariya, ba komai. In ya kai ga "ke me kika sani" ko "ai ku duk 'yan maula ne", to raini ya shigo, kuma raini ba ya jiran zaɓe. Kwana biyun nan da kuke yi ba waya, ku yanke shi tun yanzu: duk wanda aka yi musu a ƙofar gidansu, ɗayan ne zai fara kira kafin a kwanta.

Malam Na Zaure

Allah ya sa albarka a abin da aka faɗa. Zan ƙara ta fuskar shari'a.

A mazhabarmu ta Malikiyya, dacewar da ake dubawa tsakanin ma'aurata addini ne da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Jam'iyya ba ta ciki. Saboda haka ba hujja ba ce ta hana aure, ba kuma hujja ba ce ta tilasta mace ta bi ra'ayin miji.

Inda mutane ke halaka shi ne baki. Lokacin zaɓe za ka ji miji ya ce, "In kika fita zaɓen nan a bakin aurenki," ko "In kika dangwala wa wane na sake ki." Wannan saki ne da aka rataya a kan sharaɗi, kuma a wurin malamanmu da zarar sharaɗin ya auku saki ya auku. Cewa tsoratarwa kawai na yi ba ta ceton mutum. Ga wani rikicin kuma: ƙuri'a a asirce ake kaɗa ta, to wa ya san abin da ta dangwala? Sai a bar aure cikin shakka. Ɗana, ka haramta wa harshenka wannan kalma a kan siyasa tun kana saurayi.

Maganar fita zaɓe da zuwa taron mata, ku tattauna ta kafin aure, waliyyinta ya sani, wani babba naka ya sani. Ba sai an karanta ta wurin ɗaurin aure ba. Alkawari ne, kuma musulmi yana cika alkawarinsa. In saɓani ya taso daga baya, a fara da waɗannan mutum biyun. Kada a kira abokan siyasa sulhu, kowannensu yana da abin da yake karewa.

Ejan Akwati

Baba, a gafarce ni, ni ban ga amfanin jira ba. In aka ce sai bayan zaɓe, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, ga ƙorafi, ga kotu wata da watanni. A ɗaura tun kowa na da fatan nasara, fuska a sake.

Wasu abubuwa na aiki da ango ke mantawa. Katin zaɓenta nata ne. Riƙe katin wani ko ɓoye shi laifi ne a doka, ko da matarka ce. Rumfarta tana nan inda ta yi rajista, wato in ba a sauya ba ranar zaɓe Rafindadi za ta koma. Sauya rumfa ana yin sa ne lokacin da INEC ta buɗe rajista, kuma ana rufewa da wuri. Wancan karon ƙarshen Yulin 2022 aka rufe, kusan wata bakwai kafin zaɓe. Ni shawarata ma kada a sauya a wannan zagayen. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa, don haka ka kai ta gidansu tun ranar Juma'a da yamma ta kwana can, ta bi layin mata da 'yan'uwanta, kai kana taka rumfar. In kuna akwati ɗaya kuma kai ne wakilin jam'iyya a wurin, za a ƙirga ƙuri'a a gabanka, abokanka su fara lissafin ta wa aka rasa.

Kada ka ce ta ɗauko maka hoton takardar ƙuri'arta. An hana shiga wurin dangwale da waya, kuma neman hoton kansa cewa ne ba ka yarda da ita ba. Daren sakamako, in naku ya ci, yi murnarka a waje ka shigo gida da sallama kamar kullum. In nasu ya ci, washegari ka je ka gaida surukinka ka yi masa barka da bakinka, ba ta saƙon waya ba.

Ɗan Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ya taɓo inda ke min ciwo. Anti, to in an turo min rubutu a kan ɗan takarar da mahaifinta ke tare da shi, aka ce in sa, ya zan yi? In na ƙi za a ce na sayar.

Anti Mai Lalle, Daura

Kada ka jira sai an turo. Ka je wurin ubangidan naka cikin satin nan, kai kaɗai, ka ce masa kana neman aure a gidan wane, za ka ci gaba da tallata ayyukan jam'iyya, hanya, asibiti, taki, duk abin da aka yi, amma a cire ka daga rubutun suka a kan mutanen wannan gidan. Yawancinsu za su gane, su ma suna da surukai a can ɓangaren. Zai yiwu a rage maka na data, don haka ka lissafa tun yanzu nawa yake kawo maka a wata, ka ga ko sana'arka za ta rufe gurbin kafin a kai lefe. Sannan ka koma shafinka ka bi tsofaffin rubuce-rubucenka tun daga 2022, duk inda ka zagi wani da suna ka goge. Ƙannenta maza sun riga sun fara dubawa.