Oba-obar mota na ƙona min fiyus, kuma wai eriyar tana cutarwa?

Direban_Gona:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, don Allah masu sani a taimaka min. Ni direba ne a wata gonar shinkafa can wajen Haɗeja, Hilux nake ja, to in ka shiga cikin fadama sabis ɗin waya sai a hankali, wani lokaci sai ka hau tudu kana ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Shi ne maigida ya sayo oba-oba guda uku irin ta mota, mai wat 50, ba ƴar ta hannu ba. Yaron da ya ɗaura mana kawai ya jona ta a ramin kunna taba ya manna eriyar mai maganaɗisu a gefen bonet ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Yanzu sati biyu ke nan fiyus uku na ƙona, kuma duk sanda na danna zan yi magana sai in ga fitilun dashbod sun yi wani dishi-dishi. Ga shi yaran da nake ɗauka a bayan mota wani ya ce musu wai eriyar tana sa ciwon daji har sun fara gudun motata. Ina gaskiyar lamarin?

Baba_Riwaya:
Wa'alaikumus salam. Yaro wanda ya yi maka aikin nan bai yi maka adalci ba, kuma ka gode Allah fiyus ne yake ƙonewa ba wayarin motar ba. Rediyo mai wat 50 in kana saurare kawai ba abin da take ci, amma da ka danna maɓallin magana tana jan amfiya 10 ko fiye, ramin kunna taba kuwa wayarsa siririya ce, don cajin waya da ƴan ƙananan abubuwa aka yi shi. Shi ya sa wutar take faɗuwa kana ganin dashbod yana lumshe ido. Kuma don Allah kar wani ya ce ka naɗa ƴar waya a madadin fiyus ko ka sa wanda ya fi girma, da haka ake toya mota a tsakiyar daji.

Jar wayar kai tsaye za a ja ta zuwa kan batir, da kaurin wayar da ta zo cikin kwalin, a sa fiyus dab da batir ɗin, ba can ciki kusa da rediyon ba, domin in wayar ta goge a hanya ta taɓa bodi fiyus ɗin da ke kusa da batir shi ne zai cece ka. Girman fiyus ka duba takardar rediyon, galibi 15 ne ko 20. Baƙar wayar a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota inda aka kankare fenti. Inda wayar za ta ratsa daga inji zuwa ciki a bi ta cikin roba, kar ƙarfe ya dinga cin ta. Sannan a nisanta ta da ƙwaƙwalwar motar da wayoyin burki na ABS, motocin yanzu ba irin fijo 504 ɗinmu ba ne da ba ruwanta da komai.

In akwai babbar mota a cikin ukun nan a kula, da yawansu wutar bolt 24 gare su, rediyon kuwa ta 12 ce, sai an sa abin rage wuta in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Direban_Gona:
Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara girma. To maganar eriyar fa? A bar ta a bonet ɗin?

Baba_Riwaya:
A'a a cire. Tsakiyar rufin mota ya fi, can ne ƙarfe ya kewaye ta ko ta ina, maganarka za ta fi nisa kuma ta yi sama da kawunan mutane. A gefen bonet tana daidai fuskarka ne da ta wanda ke tsaye a jikin mota. Kuma kar ka kuskura ka danna magana alhali an kwance eriya ko wayarta ta tsinke, ƙarfin da ya kamata ya fita waje cikin rediyon yake komawa ya ƙona ta. Akwai mitar da ake aunawa da ita, SWR, in ta nuna 1.5 ko ƙasa lafiya lau, in ta doshi 3 akwai matsala. Wanda bai da wannan mitar ni dai ba zan ba shi aikin eriya ba. Ita mai maganaɗisun ma wayarta ta bakin ƙofa take bi, yau da gobe ƙofa na matse ta sai ta lalace ba ka sani ba.

Dan_Kasuwar_Kwari:
Hhhhh Baba ya buɗe makaranta kyauta. Ni dai abin da na sani ranar da abokina ya riƙe eriya yana gyara mata zama wani ya danna daga ciki, sai da ya yi salati da ƙarfi, yatsansa har ya tashi.

Tsohon_Direba_Maiduguri:
Abin da ɗan kasuwa ya faɗa da wasa gaskiya ne, eriya tana ƙona fata in ka taɓa ta ana cikin magana. Shi ne haɗarin da na sani na gani da idona, su kuma kamfanonin da ke ƙera su abin da suke rubutawa a takarda shi ne a ba ta tazara, ga mai ƙarfi irin taka kamar ƙafa biyu zuwa uku tsakaninta da mutum, kuma kar lokacin maganarka ya wuce na sauraronka. To ka ga in tana tsakiyar rufi yaran suna zaune a ƙasan bodi ba su kusa, matsalar sai masu miƙewa tsaye su dafa rufin, ka san halin yara, waɗannan ka ce su zauna kafin ka danna. Kuma in kuna kusa da juna a gona ba sai ka buɗe mata wat 50 ba, tana da ƙaramin ƙarfi, a saita maka shi, batir ma ya huta.

Amma ƙanena bari in faɗa maka abin da ya fi eriya haɗari, hannunka ne. Na yi shekaru ina jan Land Cruiser a wata ƙungiyar agaji, motocinmu har da rediyon Codan mai zangon nisa, irin mai ƙatuwar eriyar nan a gaban mota, kuma abin da aka fara koya mana ba yadda ake kunna ta ba ne, yaushe ne ba a taɓa ta. In akwai na gefe shi ke riƙe makirfo, direba tuƙi kawai. In kai kaɗai ne, a kwana ko kana shirin wuce wata mota ko hanya ta yi ramuka, ko waye ke kira ya jira, ko maigida ne. Ni kaina na taɓa kusan afkawa rami saboda makirfo ya faɗi ƙarƙashin ƙafata na sunkuya zan ɗauko, igiyar kuma ta naɗe a giya, wallahi daƙiƙa biyu ne kacal amma da na ɗago sai ga ni a bakin kwalbati. Tun ranar na sa aka kafa min maratayinsa inda hannuna zai kai ba sai na kalla ba, igiyar kuma nesa da sitiyari da giya. Canza tasha ko latse-latsen allo kuwa sai an faka. Ƴan Road Safety suna kama mai waya a hannu yana tuƙi, kar ka ɗauka don taka oba-oba ce hankalinka ba ya rabuwa.

Kuma kar a ɗaura ta a kan dashbod ta gaban inda jakar iska ke fashewa, in aka yi karo ita za ta zama jifa.

Magana kuma a taƙaice, danna, jira kamar daƙiƙa ɗaya, ka faɗi wanda kake kira da kai waye, ka faɗi saƙonka, ka saki. Muddin kana danne ba ka jin kowa, kuma ka toshe wa kowa layi. Akwai wanda ya zauna a kan makirfo ba da saninsa ba duk ayari muna jin hirarsa da matarsa a waya kusan minti goma, ba damar a gaya masa.

Maman_Hanif:
Ni a gidan mai nake aiki, don Allah Malam in ka shigo shan mai ka kashe ta gaba ɗaya, ba rage murya ba. Haka in ana juye fetur daga jarka zuwa injin ban ruwa a bayan motar, tunda gona ka ce, ko kana ɗauke da tukunyar gas. Tururin fetur tartsatsi kaɗan yake jira, kuma jonin da aka yi maka a ramin taba ai ba abin yarda ba ne.

Tsohon_Direba_Maiduguri:
Hajiya ta tuna min, wurin fasa dutse ma haka, inda suke aiki da nakiya mai wayar lantarki ba a danna rediyo kusa, za ka ga sun kafa allo. Da damina in ana tsawa kar ka tsaya a fili kana taɓa eriya, in kuma doguwa ce ka dinga tunawa da wayoyin NEPA da suka yi ƙasa-ƙasa a cikin ƙauyuka.

Abu_Sadiq:
Ba wanda ya taɓo maganar takarda. Irin wannan rediyon ba kamar wayar salula ba ce da za ka saya ka kunna, mitar, wato layin da za ku yi magana a kai, gwamnati ke bayarwa da lasisi, maigidanku ya bincika ta wajen ma'aikatar sadarwa ta tarayya. In mai sayarwa ne kawai ya zaɓa muku lamba da ka, kuna iya faɗawa kan layin jami'an tsaro ko na wasu ba ku sani ba. Kuma da yanayin da ake ciki a Arewa, a tsayar da kai a shingen bincike da oba-oba a mota ba takarda ba katin aiki, bayani zai yi tsawo. Ka ajiye kwafi a motar. Sannan ku sani duk mai irin rediyon da ya dace da mitarku yana jin ku, kar a dinga cewa ga kuɗin leburori nan tafe ta hanya kaza.

Direban_Gona:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na cire ta daga ramin taba tun jiya, na kuma nuna wa maigida abin da kuka rubuta, ya ce ranar Asabar a kai motocin uku Kano a sake aikin. Takarda kuwa ya yi shiru ya ce zai kira wanda ya sayar masa. Baba in an huda rufin don kafa eriyar ruwa ba zai dinga zuba min a ka ba da damina?

Baba_Riwaya:
In mai aikin ya iya ba zai zuba ba, gindin eriyar da robarsa yake zuwa. Ka tsaya a kansa ya auna da mita a gabanka, kuma kafin ka biya ka sa a watsa bokitin ruwa a rufin ka shiga ciki ka duba.