Harsashina yana warwatsewa daga harbi na uku: a ina gyaran yake?

Mai tambaya, daga Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin bindigar da ake ɗurawa ta baki. Tun ina yaro nake bin 'yan bindigar fada ranar hawan salla, sai dai adakarsu ƙara da hayaƙi ake nema gare ta, ni kuwa saiti nake so. Wadda ke hannuna, da takardar izinin hukuma, kwaikwayo ce ta bindigar Hawken, wadda 'yan'uwa biyu, Jacob da Samuel, suka yi suna da ƙerawa a birnin St. Louis na Amurka cikin ƙarni na 19. Faɗin raminta inci 0.50 ne, wato milimita 12.7, kuma tana da zanen da ke murɗa harsashi sau ɗaya a kowane inci 48. Ina zuba baƙin albarushi giren 70 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna albarushi da shi), in ɗora dunƙulen dalma na inci 0.490 a kan ƙyallen tsohuwar riga da na jiƙa da miyau. A nisan mita 50 harbi biyu na farko suna faɗawa kusa da juna, amma daga na uku sai su bazu har fiye da taƙi, kuma turawa tana yin wuya ƙwarai. Laifin bindigar ne ko nawa?

Wani dattijon maharbi, daga Mirriya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi saurin zargin bindiga. In ka sake fita, bayan kowane harbi ka taka 'yan sawu gabanka ka tsinto ƙyallen da ya fita tare da harsashin, domin shi ne zai gaya maka abin da ya faru a cikin ramin. Ƙyalle mai lafiya yana faɗuwa sukutum, da baƙin zobe a tsakiya da ɗan zarewa a gefe, har ka ga kamar za ka iya sake amfani da shi. In ka same shi a huje, ko a ƙone, ko ya yi kaca-kaca, to wuta tana wuce harsashin ta gefe, kuma zanen bai kama shi ba balle ya juya shi. Ina kyautata zaton haka za ka gani, saboda yawancin yadin da muke sawa yanzu akwai leda a cikin zarensa, leda kuwa narkewa take yi. Ka shiga kasuwar Dole ta Damagaram ka nemi auduga zalla mai matsattsiyar saƙa, kaurinta wajen inci 0.015, ka wanke ta don sitacin ya fita, sannan ka sayi da yawa daga bandir ɗaya don kada kaurin ya riƙa sauyawa.

Batun miyau kuma, dabara ce ta ƙasashe masu laima. A nan, cikin hunturu, kafin ka gama saiti ya bushe, kuma tokar albarushi tana ƙandarewa a cikin ramin kamar laka a bakin tabki. Ita ce ke hana ka tura na uku. Ka narkar da kitsen rago da ɗan kakin zuma, ka shafa wa ƙyallen kaɗan, yadda kowane ɗaya zai samu daidai da ɗan'uwansa. Bakin mai da giris na inji ka bar wa babur, domin in sun haɗu da tokar suna zama kamar kwalta.

Wani matashi, daga Zango:

Baba ya faɗi mafi girman abin, ni ƙari kawai zan yi, tare da neman afuwa. A ganina giren 70 ya yi yawa ga mai neman saiti a mita 50. Murɗin inci 48 tsaka-tsaki ne, an yi shi ya ɗauki dunƙule ya kuma ɗauki dogon harsashi, alhali bindigar da aka ƙera domin dunƙule kaɗai takan yi murɗi ɗaya a inci 60 ko 66; saboda haka taka ta fi son matsakaicin albarushi. Ka fara da giren 50, kimanin giram 3.2, ka yi harbi biyar bindiga tana kwance a kan buhun yashi, sannan ka ƙara giren 5 ka sake biyar a sabuwar takardar saiti. Za ka ga wurin da ramukan suka fi matsuwa. Ranar da kake gwada albarushi kada ka taɓa ƙyalle, ranar ƙyalle kada ka taɓa albarushi, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Dalma kuma ta kasance mai laushin da farce zai iya karta, kuma gurbin da aka yanke wutsiyar da zubi ya bar mata ya kalli sama a kowane ɗuri. Ni ina goge ramin da ƙyalle mai ɗan danshi bayan kowane harbi, in bi da busasshe.

Dattijon Mirriya:

Madalla, yaro, ka karanta abin sosai. Gugar nan ce kawai nake tsoro ga sabon hannu, don in ruwa ya yi yawa yana tura dattin zuwa ƙasa ya toshe hanyar wuta, bindiga ta ƙi tashi. In ta ƙi, ka ci gaba da fuskantar da bakinta wajen takarda na minti ɗaya aƙalla, saboda takan tashi a makare. Abu biyu kuma ba na wasa da su. Harsashi ya zauna daram a kan albarushi, kada a bar iska tsakaninsu, domin haka rami ke kumbura ko ya fashe. Ka yi wa sandar turawa alama daidai bakin bindiga bayan ɗuri mai kyau, ka riƙa dubawa kullum. Sannan garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga wannan bindiga. Ka kuma riƙa auna albarushi a ma'auni daban, ba ka tsiyaya daga gora kai tsaye ba, don wata rana tartsatsi yana saura a ciki.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Baba, kai ma ɗan'uwa na gode. Na fita bayan asuba kafin iska ta taso, na tsinto ƙyallayen tsohuwar rigar, dukkansu a huje suke. Da na koma auduga da kitse, a giren 55, biyar sun taru a wurin da tafin hannuna ya rufe, kuma na shida ya shiga ba tare da na yi kokawa da sanda ba. Tarin yana ɗan karkata hagu, amma ba zan taɓa idon saitin ba sai na gwada giren 60 ranar Asabar.