Muhawara: Wata shida da Majalisar Amurka ta riƙe kuɗin makaman Yukiren, haƙƙinta ne ko cin amana?

Mai Rediyo: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana zan ajiye, wanda ya ga ba daidai ba ya ɗauka. Ni a ganina Majalisar Wakilan Amurka ba ta yi laifin komai ba da ta riƙe kuɗin makaman Yukiren daga Oktoban 2023 zuwa Afrilun 2024. Biden ya nemi wajen dala biliyan 61, 'yan majalisa suka ce a dakata, kuma tsarin mulkinsu ya ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da doka. To ina cin amanar? Yukiren ba ta cikin NATO. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO da ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan kowa bai shafe ta ba. Kyauta ake yi mata, kuma mai kyauta yana da ikon ya janye hannunsa.

Barista: Wa alaikumus salam Malam. Ta fuskar doka ba ka faɗi ƙarya ba, amma ka tsallake Budafes. A Disamban 1994 Yukiren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, waɗanda a lokacin su ne na uku a yawa a duniya. Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu a wata takarda a birnin Budafes cewa za su mutunta iyakokinta. Rasha ta karya wannan a 2014 da ta ƙwace Kirimiya, ta sake karyawa ranar 24 ga Fabrairun 2022.

Mai Rediyo: Barista, kai ma ka san takardar Budafes ba ta ce Amurka za ta aika ko harsashi ɗaya ba. Alkawarin shi ne ba za su kai mata hari ba, kuma za su kai ƙara Kwamitin Sulhu idan aka yi mata barazana da nukiliya. Ba a ma kai takardar gaban Majalisar Dattawa ta amince da ita a matsayin yarjejeniya ba. Amurka ta cika nata, ba ta kai hari ba.

Barista: Na yarda ba za ka ci ƙara da ita a kotu ba. Amma ba kotu kaɗai ake duba ba. Duk ƙasar da ke tunanin ajiye makami a kan alkawarin manya tana kallon abin da ya samu Yukiren.

Hajiya Malama: Ku ba ni wuri. Malam Mai Rediyo, inda maganarka ta yi rauni shi ne ka ce "majalisa ta ce a dakata". Majalisa ba ta ce ba. Mutum ɗaya ne ya ƙi kawo ƙudurin zaure. Majalisar Dattawa ta amince da shi tun 13 ga Fabrairun 2024, ƙuri'a 70 da 29. Ya je Majalisar Wakilai ya kwanta a teburin kakaki Mike Johnson fiye da wata biyu. Ranar da ya bari aka kaɗa ƙuri'a, 20 ga Afrilu, sakamakon 311 ne da 112. Wato rinjayen yana nan tun farko, ba a dai bar shi ya yi magana ba.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. 'Yan Rifablikan suna da wata al'ada cewa kakaki ba ya kawo ƙudurin da mafi yawan 'yan jam'iyyarsa ba sa so. A wannan ƙuri'ar 'yan Rifablikan 101 ne suka ce e, 112 suka ce a'a, sauran masu goyon bayan duk 'yan Demokrat ne. Johnson kuma ya ga abin da ya faru da Kevin McCarthy, kakakin da ya gabace shi, wanda 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗu da 'yan adawa suka tsige a farkon Oktoban 2023. A lokacin ɗan majalisa ɗaya tak ya isa ya gabatar da buƙatar tsige kakaki, kuma 'yar majalisar Rifablikan Marjorie Taylor Greene ta riga ta ajiye tata takardar tana jira. Don haka abin da kake kira haƙƙin majalisa, ni tsoron rasa kujera nake gani.

Auta: Hajiya kin gama magana. A rufe taro.

Mai Rediyo: Auta ka zauna, manya na magana. Hajiya, akwai hanyar da 'yan majalisa za su tsallake kakaki idan mutum 218 suka sa hannu. An buɗe takardar, ba ta cika ba. Idan da gaske rinjayen na ƙuna a zuciyarsu, me ya hana su?

Hajiya Malama: Abu biyu. 'Yan Rifablikan ɗin da ke goyon baya ba sa so a ce sun yi wa kakakinsu tawaye a shekarar zaɓe, ga Trump a gefe yana kallo. Wasu 'yan Demokrat kuma sun ƙi sa hannu saboda an haɗa kuɗin da na Isra'ila. Shi ya sa daga baya Johnson ya raba ƙudurin gida huɗu, kowa ya zaɓi wanda yake so, sannan aka sake ɗinke su kafin a aika wa dattawa.

Alhaji Ɗankasuwa: Ni duk wannan maganar amana ba ta dame ni ba. Ku bi kuɗin ku ga inda suka kwana. Cikin biliyan 61 ɗin nan, wajen 23 na sake cika rumbunan sojan Amurka ne, wato an ba Yukiren tsohon kaya an sayo sabo. Wajen 14 kuma na sayen makamai ne daga kamfanoni don Yukiren, kuma yawancinsu kamfanonin Amurka ne. Ƙwanson harsashin atilare mai milimita 155 a Scranton ta jihar Pennsylvania ake ƙera shi. Javelin, makamin fasa tankoki, a Troy ta Alabama. Rokokin HIMARS a Camden ta Arkansas. Ɗan majalisa ya ɗaga hannu ya ce yana ceton dimokuraɗiyya, alhali masana'antar mazaɓarsa ce ta samu kwangila. Wannan ciniki ne, a daina kiransa taimako.

Barista: Alhaji, da ciniki ne zalla ai da ba a yi wata shida ana ja ba. Jihohin da ka lissafa, Alabama da Arkansas, na 'yan Rifablikan ne, kuma daga jam'iyyar ne duk masu ƙin amincewar suka fito. Sannan sojan da ke cikin rami a Donetsk bai damu da wanda ya ci riba ba, shi dai harsashin ya iso.

Alhaji Ɗankasuwa: Ban ce bai amfana ba. Cewa na yi mai bayarwa bai yi asara ba kamar yadda Malam Mai Rediyo ke nunawa. Ku biyun duk na saɓa muku.

Tsohon Soja: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake maganar wata shida kamar jinkirin biyan albashi ne. Rundunar da ba ta san abin da zai iso wata mai zuwa ba, tattali take farawa tun yau. Kwamandan da zai harba goma sai ya harba biyu ya ɓoye takwas. Kunshin ƙarshe na kuɗin da aka riga aka amince da su ya fita a ƙarshen Disamban 2023, dala miliyan 250. Daga nan sai wani ɗan abu na miliyan 300 a Maris, da Pentagon, ma'aikatar tsaron Amurka, ta ce ta samo daga rarar kwangiloli. A tsakiyar wannan ne Avdiivka ta faɗi, 17 ga Fabrairun 2024, garin da Yukiren ta riƙe tun 2014. A Afrilu Janar Christopher Cavoli, babban kwamandan sojan Amurka a Turai, ya gaya wa 'yan majalisar da bakinsa cewa Rasha na harba atilare biyar a duk ɗaya na Yukiren, kuma cikin makonni zai koma goma. Haka kuma makaman kakkaɓo jirage suka yi ƙaranci, Rasha ta samu sarari ta ragargaza tashoshin wutar lantarki a Maris da Afrilu. Ba a zaure ake biyan kuɗin jinkiri ba.

Mai Rediyo: Ranka ya daɗe, ba na ja da kai a harkar soja. Amma kada a ɗora wa Johnson duk kayan. Yukiren ma ta yi nata jinkirin. Ƙarancin sojoji ya dame ta, kuma sai a Afrilun 2024 Zelensky ya sa hannu a rage shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25. Ya sauke babban kwamandan sojojinsa Janar Zaluzhny kwana tara kacal kafin Avdiivka ta faɗi. Turai ta yi alkawarin harsashi miliyan ɗaya zuwa Maris ɗin 2024, ba ta cika a kan lokaci ba. Farmakin da Yukiren ta kai a 2023 kuwa da kuɗi da tankoki a hannu aka yi shi, bai kai inda ake so ba. Ɗan majalisar da ya tambayi ina aka dosa kafin ya ƙara biliyan 61 a kan fiye da 110 da aka riga aka bayar, ba mahaukaci ba ne.

Tsohon Soja: Tambayar tana da kyau. Amma shin ita aka yi wata shida ana amsawa? Sharaɗin da suka kafa shi ne a gyara dokar iyakar Meziko. Aka zauna, Sanata James Lankford na jam'iyyarsu ya jagoranci tattaunawar, aka fito da ƙuduri, Trump ya ce bai yarda ba, su da kansu suka kashe shi a farkon Fabrairu. Ƙarshe aka amince da kuɗin Yukiren ba tare da dokar iyakar ba. Babban abin da aka sauya shi ne wajen biliyan 9 na tallafin tattalin arziki ya koma bashi, bashin da shugaban ƙasa ke da ikon yafewa. Wannan ne ya ci wata shida?

Auta: Kuma a lura, sai da Iran ta harba wa Isra'ila makamai a tsakiyar Afrilu sannan kakaki ya farka. Mako guda aka gama komai.

Yaya Zinariya: Yauwa Auta, ka taɓo inda nake jira. Ni shi ya sa duk wannan wa'azin na kare wanda aka mamaye ba ya shiga kunnena. A cikin ƙunshin nan na biliyan 95 da kuɗin Yukiren ke ciki, akwai wajen 26 da suka shafi Isra'ila da agajin jinƙai, a daidai lokacin da ake ruwan bama-bamai a Gaza. Wannan ɓangaren da ƙuri'a 366 ya wuce, ya fi na Yukiren samun goyon baya. Majalisar da ta amince a shiga Iraƙi a 2002 ce za ta koya mana haramcin mamaya?

Hajiya Malama: Ƙanwata, fuska biyun gaskiya ce, ba zan kare ta ba. Amma laifin Washington ba ya komawa kan mutumin Kharkiv da makami mai linzami ya faɗo wa gida. Idan suka yi daidai a wuri ɗaya suka yi zalunci a wani, zaluncin za a ce su bari.

Malam Mai Rediyo, game da "kyauta ce": a Maris ɗin 1941 wannan majalisar ta amince wa Shugaba Roosevelt dokar ba da aron makamai, lokacin Amurka ba ta shiga yaƙi ba kuma babu yarjejeniyar da ta tilasta mata taimakon Birtaniya. Masu adawa sun faɗi kusan abin da kake faɗa yau. Tarayyar Sobiyet kanta ta karɓi kayan kusan dala biliyan 11 ta wannan hanya, har da motoci da jirage da abinci. A 2022 an farfaɗo da irin dokar don Yukiren, ta wuce da 417 da 10, amma ta ƙare a Satumban 2023 ba a yi amfani da ita ba, don gwamnatin Biden ta fi son bayarwa kai tsaye.

Mai Rediyo: In tarihi za a buɗe, Hajiya, a buɗe duka. A Afrilun 1975 Shugaba Ford ya nemi dala miliyan 722 don Kudancin Biyetnam, majalisa ta ƙi, Saigon ta faɗi a ƙarshen watan. Mutane da yawa yau suna ganin ƙin ya yi daidai, don kuɗin ba zai sauya komai ba. Afganistan kuma shekara ashirin ana zuba wa sojojinta kuɗi, Kabul ta faɗi a Agustan 2021 kusan ba faɗa. Wani lokaci majalisar da ta ce a'a ita ce ta ga gaskiya.

Tsohon Soja: Bambancin shi ne Kyiv ba ta faɗi ba. An yi zaton kwanaki za ta yi, sai ga shi Rasha ta janye daga kewayenta a ƙarshen Maris ɗin 2022, ta rasa yawancin yankin Kharkiv a Satumba, ta bar birnin Kherson a Nuwamba. Waɗannan mutanen suna yaƙin da kansu.

Alhaji Ɗankasuwa: Wa ke ƙirga kayan? Sufeto janar na Pentagon ya fitar da rahoto a Janairun 2024 cewa makamai na wajen dala biliyan ɗaya, cikin waɗanda ake buƙatar sa wa ido sosai, ba a sabunta lissafinsu a kan lokaci ba. Kafin nan a 2023 Pentagon ta ce ta yi kuskuren ƙiyasta kuɗin kayan da ta aika da fiye da biliyan 6.

Barista: Alhaji ka ƙarasa. Rahoton bai ce an sace ko an karkatar ba, ya ce lissafin ne ya makara. Kuskuren biliyan 6 kuma farashin sabo suka saka wa tsohon kaya, wato sun aika ƙasa da abin da suka zata. Kuma irin wannan binciken ai shi ne aikin majalisa: ta kira jami'ai, ta sa sharaɗi a cikin doka, ta ware wa masu bincike kuɗi. Duk ana iya yi ba tare da an rufe famfo ba. Ku dubi Jamus. Majalisarta ta amince da aika manyan makamai tun Afrilun 2022, ta kuma ƙi matsa wa shugaban gwamnati na lokacin, Scholz, ya ba da makami mai linzami na Taurus a 2024. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, an kawo zaure an kaɗa ƙuri'a, kowa ya san matsayinsa.

Mai Rediyo: A wannan kam ba ni da ja, da an kawo shi zaure tun Fabrairu ya fi. Amma ina nan a kan cewa ɗan majalisar da ya ce a'a bai ci amanar kowa ba. Mutanen mazaɓarsa suka aiko shi, ba na Kyiv ba.

Yaya Zinariya: Kuma yanzu ai an huta da gardamar. Tun bayan cacar bakin Trump da Zelensky a Fadar White House a ƙarshen Fabrairun 2025 aka dakatar da kayan na 'yan kwanaki ba tare da an tambayi majalisa ba, daga baya aka koma tsarin ƙasashen NATO su biya Amurka ta kawo. Alhaji, cinikinka ya fito fili.

Alhaji Ɗankasuwa: Na gaya muku.

Barista: To Malam Mai Rediyo, ga tambaya a kan ƙa'idarka. Ka ce ikon kuɗi na majalisa ne. Idan ita ta amince aka sa hannu ya zama doka, sannan shugaban ƙasa ya tsayar da kayan a hanya shi kaɗai, nan ma za ka kare haƙƙin majalisar?

Mai Rediyo: Ya danganta da yadda aka rubuta dokar, Barista. Ikon kwasar kaya daga rumbun soja izini ne aka ba shugaban ƙasa, ba umarni ba, yana iya ƙin amfani da shi. Kuɗin da aka ware don sayen makamai daga kamfanoni kuwa wani abu ne daban, akwai dokar 1974 da ta hana shi riƙe su haka kawai. A kan wannan na biyun ina tare da kai.