Neman shawara: yaya zan yi da sujada a Riyad, tunda Lahadi ranar aiki ce?

'Yar Zumunta, Riyad:
Salamar Ubangiji a gare ku iyayena da yayyena. Dan Allah ina neman shawara, abin ya daɗe yana cina a rai. Aikin gida nake yi a nan Riyad, daga wajen Kafanchan na fito, a gida ni 'yar zumuntar mata ce a ECWA kuma ina cikin mawaƙa tun ina budurwa. Tunda na zo ƙasar nan ban taka majami'a ba don kun san babu, kuma Lahadi ita ce ma ranar da aiki ya fi yi min yawa don ita ce farkon mako a nan, yara za su makaranta maigida zai fita ofis, tun asuba ina kicin in na gama in kama guga. Lokacin da ake shiga sujadar ƙarfe 8 a gida, nan ƙarfe 10 ke nan, ina tsaye kan jallabiyoyin maigida da dutsen guga a hannu. Nakan sa abin kunne ɗaya in bi wa'azi ta Facebook amma rabi nake ji, yanzu madam ta kira yanzu injin wanki ya tsaya. Zanen zumuntata yana ƙasan akwati a ninke, ko buɗe wajen ba na son yi don kuka nake.

Gaskiya mutanen gidan ba su taɓa takura min kan addinina ba, sun san ni Kirista ce, albashi ma ba ya makara. Damuwar a zuciyata take. Shin Allah yana karɓar irin wannan sujadar tawa ko dai na sayar da ranar Ubangiji ne saboda riyal? Na biyu, Jibin Ubangiji ban ci ba tun da na baro gida, zan iya ɗaukar burodi da ruwan inabi na kwali in yi ni kaɗai a ɗaki? Na uku zakka, ina zan kai ta, ga kuma bashin da na ci na zo ban gama biya ba. Ku taimake ni da gaskiya, kada ku lallaɓa ni.

Nas, Dammam:
Ƙanwata sannu, share hawayenki, dukkanmu mun bi ta nan. Ki fara da maida hankalinki kan Juma'a. Hutun mako a ƙasar nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, kafin nan ma Alhamis da Juma'a ne, wato Lahadi ba ta taɓa zama hutu a nan ba. Ko a Bahrain da Kuwait inda akwai majami'u a fili, ranar Juma'a ce ake cika don ita ce mutane ke samu. Karanta Romawa 14:5-6, wani yana ɗaukaka wata rana fiye da wata, wani duk ɗaya ne a wurinsa, abin da ake so kowa ya yi don Ubangiji da tabbaci a ransa. Safiyar Juma'a yawancin gidaje barci suke har rana ta take, wannan shirun naki ne. Ki yi wanka ki ɗaura zanen nan naki, ki zauna bakin gado ki yi waƙa biyu a hankali, ki karanta sura guda, ki yi addu'a. Kada ki haɗa shi da guga.

Mu na gabas muna da ɗan sauƙi, in an samu bizar fita da dawowa sai mu bi gadar Sarki Fahad daga Khobar, kilomita 25 kin shiga Bahrain, akwai coci-coci a Manama, 'yan Katolika ma sun buɗe babban katidiral a Awali a Disamban 2021. Amma na san ke sai kafil, wato maigidan da ya ɗauki nauyin bizarki, ya yarda kuma Riyad da nisa, shi ya sa ban ce ki sa rai a kai ba.

Direba, Jidda:
'Yan'uwa kafin a yi nisa, dan Allah kada wanda ya rubuta adireshi ko unguwar da ake haɗuwa a nan. 'Yar'uwa ki sani addu'a a ɗakinki babu mai bin ki, amma sujada a fili da yi wa Musulmi wa'azi doka ta hana, kuma rage ƙarfin 'yan hisba da aka yi a 2016 bai canza wannan ba. In kin samu 'yan'uwa biyu uku da kika yarda da su ku haɗu, ba ganga ba tulu ba ɗaga murya, ba ɗaukar bidiyo a sa a status. Yaran gidan kuma kada ki koya musu waƙar coci ko da wasa ne, amana iyayensu suka ba ki. Matiyu 10:16 ki riƙe shi da kyau.

Dattijo, Jubail:
'Yata, na karanta saƙonki kuma na ji daɗi da abin yana damunki, don wanda zuciyarsa ta yi sanyi ba ya irin wannan tambayar. Tambayarki ta farko wata mace ta riga ki yi, Basamariyar nan a bakin rijiya, Yohanna sura 4. Ita ma wuri ne ya dame ta, a kan dutsen nan za a yi sujada ko a Urushalima? Yesu ya ce mata lokaci na zuwa har ma ya yi da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya. Bai ce gini ba shi da amfani ba, amma bai ɗaure Allah a cikin gini ba.

Ki duba mutanen da Allah ya yi aiki da su a gidan wasu. Yusufu a gidan Fotifar ba majami'a ba firist, amma Farawa 39 sai nanatawa take Ubangiji yana tare da shi, har maigidan da ba ya bin Allahn Yusufu ya gani da idonsa. Daniyel ma'aikacin gwamnatin wata ƙasa ne, sau uku a rana yake durƙusawa a ɗakinsa. Sai wadda ta fi kama da ke, yarinyar nan mai yi wa matar Na'aman hidima a 2 Sarakuna 5, ko sunanta ba a rubuta ba, an raba ta da iyayenta, amma da ta ga maigidanta da kuturta alheri ta nema masa.

To gugar nan da kike ganin ta raba ki da Allah, Kolosiyawa 3:22-24 ta ce a yi aiki ba na ganin ido ba, da zuciya ɗaya kamar Ubangiji ake yi wa. In madam ta fita ta bar zobenta a kan madubi ta dawo ta same shi inda ta ajiye, in kin wanke bayan tukunyar kabsa da babu mai dubawa, in yaro ya zage ki kin haɗiye ba ki rama a kan ƙaramin ba, duk wannan hidima ce ga Allah, kuma Sama'ila ya gaya wa Saul biyayya ta fi hadaya. Sai dai biyayyar tana da iyaka, ranar da aka ce ki yi ƙarya ko ki musanci Ubangijinki ko wani namiji a gidan ya nemi abin da bai dace ba, nan Ayyukan Manzanni 5:29 ce, Allah za ki bi.

Maganar Jibi kuwa ni shawarata ki jira. A 1 Korantiyawa 11 Bulus sai faɗi yake "sa'ad da kuka taru", abincin iyali ne, ba a ci a ɓoye mutum ɗaya. Rashinsa ba don raini ba ba zai zama miki zunubi ba. Af, kuma kada ki ɗauka ke ce ta fara kiran sunan Almasihu a ƙasar nan, nan kusa da mu a Jubail an gano kangon tsohuwar majami'a a 1986, Najran kuma an san ta da Kiristocinta tun kafin zuwan Musulunci.

Injiniya, Riyad:
Baba da girmamawa, duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ina tsoron kada ta ji daɗi ta zauna haka. Ibraniyawa 10:25 ma tana nan, kada mu bar taruwa. Na ga mutane sun zo da zafi, shekara ta zagayo sai addu'ar abinci kaɗai ta rage, ba don mugunta ba, kaɗaici ne ke cinye mutum a hankali. Itace ɗaya ba ya riƙe wuta a murhu. Kuma wannan aya ta Kolosiyawa an sha amfani da ita a danne masu aikatau su yi shiru, alhali Bulus ɗin nan ya ce a 1 Korantiyawa 7:21 in ka samu hanyar 'yanci ka ɗauka. 'Yar'uwa, dokar masu aikin gida ta ƙasar nan ta ba ki hutun kwana ɗaya a mako da albashinki, da hutun wata guda in kin cika shekara biyu. Neman hakkinki ba rashin biyayya ba ne. In kwantiragi ya ƙare kuma kin ga ranki na bushewa, ki koma gida ko da kuɗin bai kai yadda kika so ba.

Dattijo, Jubail:
Ɗana ka yi daidai, ban ce ta zauna ita kaɗai ba. Bilkisu da Akila ma a gidansu ikilisiya ke taruwa. Ko ta waya ce a samu masu riƙe ta.

Maman Biyu, Jidda:
Ni kan zakka zan yi magana don nan ake cutar mu. Da an ji kina Saudiyya sai masu kiran kansu annabawa a intanet su cika miki waya, ki shuka iri ki shuka iri, kada ki tura wa kowa ko riyal ɗaya. Ikilisiyar da ta yi miki baftisma, wadda za ta je gaisuwa in wani abu ya samu mamanki, can za ki kai. Ni da albashi ya shigo nake ware nawa kafin in taɓa komai, in haɗa na wata biyu ko uku saboda kuɗin turawa, in aika asusun ikilisiya ba na mutum ba, ma'aji ya ɗauki hoton rasit ya turo min. Batun bashi kuwa ki kira fastonku ki gaya masa yadda ake ciki ba kunya, 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa ba da tilas ba, mai bin ki bashi ma hakkinsa ne a biya shi. Wasu za su ce kashi goma dole ko ana bin ki, ni dai ban ga Allah yana murna da baikon da aka hana mai bashi aka kawo ba.

'Yar Zumunta, Riyad:
Na gode ƙwarai Baba, na gode yayyena, Ubangiji ya sāka. Jibi zan jira har in je hutu. Zan kira fasto kan zakkar. Abin da ya rage min shi ne yadda zan tunkari madam da maganar safiyar Juma'a, Larabcina bai nuna ba kuma ba na so ta ga kamar na fara taurin kai.

Nas, Dammam:
Kada ki yi maganar a gaban maigida ko baƙi, kuma ba lokacin da take gaggawa ba. Ki bari ranar Alhamis da yamma kin kai mata gahawa ta zauna, ki ce kina roƙon awa biyu safiyar Juma'a don addu'a, kuma za ki gama shirin karin kumallo tun dare. In kalmomi sun ƙi, rubuta a waya ki fassara ki nuna mata. Mata da yawa a nan in sun ji addu'a ce ba sa hanawa. Mu huɗu ne muke kiran juna ta waya ƙarfe 7 na safiyar Juma'a, Filibiyawa muke karantawa yanzu mun kai sura 2, turo min saƙo ta gefe in sa ki.