Wane suna za mu raɗa wa kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida?

1/ Jama'a, ina neman shawara kan kalmar nan ta Turanci, remittance. A labaran rediyo sai an ce "kuɗaɗen da 'yan ƙasa mazauna ƙetare ke aikowa gida". Ma'ana ta fito, amma wannan jimla ce guda, ba suna ba.

2/ Ba ƙaramin abu ba ne kuwa. A ƙiyasin Bankin Duniya, a 2023 kimanin dala biliyan 54 suka shigo ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta wannan hanya, kusan biliyan 20 Najeriya suka nufa. A Gambiya da Lesoto sun kai kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasa. A 2021 har Babban Bankin Najeriya ya riƙa ba da tukuicin naira 5 kan kowace dala da aka karɓa ta banki.

3/ Wasu sun ce "tallafi". Ni kam ban yarda ba. Tallafi na gwamnati ne da ƙungiyoyin agaji, kuma kalmar na ɗauke da ƙamshin tausayi. Saurayin garin Tawa a Nijar da ke dako a Abijan ko birkila a Libiya, ya ƙuntata wa cikinsa ya turo kuɗin gero lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa, ba agaji ya ba uwarsa ba. Haƙƙi ya sauke. Kuɗin nan su ne maganin tsoho, rajistar makarantar ƙanwa, taki, kwanon rufi, wani lokaci jarin ɗan shago.

4/ "Tsaraba" ma ba ta yi ba, ita sai mai ita ya dawo da ƙafarsa.

5/ "Kuɗin aike" ta yi daɗin baki, sai dai kunnen Bahaushe zai ji ta kamar kuɗin mota, wato abin da kamfani ke cira. Gara mu bar wa wannan cajin sunan, don shi ma muna bukatar yin magana a kansa. A 2023 turo dala 200 zuwa yankinmu ya ci kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Shi ya sa da yawa suka fi bi ta hannun 'yan canji ko direban da aka sani, kuɗin da ba ya shiga lissafin kowa.

6/ "Aiken gida" za ta rikice da aikin gida.

7/ Zaɓina shi ne "aiken ci-rani". Gwada: "Aiken ci-rani ya ƙaru bana." Na san za a ce likita a Landan ba ɗan ci-rani ba ne. To ai kalmar ta daɗe da wuce mai tafiya bayan girbi ya dawo da damina, kafofin labarai ma da ita suke kiran duk wanda ya ƙetara neman abinci.

8/ 'Yan'uwa na Nijar, zangunan Gana da mazauna Saudiyya, in kuɗin ya iso, me tsofaffi ke kiransa a gidajenku? In akwai kalmar da ta riga ta zauna, ita ta fi cancanta.