Shawarwarin malaman lissafi kan jarrabawa ta intanet

Da malaman lissafi na jami'a suka tattauna batun gwada ɗalibai ta intanet, yawancinsu sun karkata ga STACK, wata manhajar shirya tambayoyin lissafi da duba amsarsu, da ke aiki cikin Moodle, dandalin koyarwa ta intanet. A cikin STACK, manhajar lissafi ta Maxima ce ke duba amsa, ko ɗalibi ya rubuta 2(x+1) ko 2x+2, ta san abu ɗaya ne. An ambaci Numbas, wata manhajar jarrabawar lissafi ta Jami'ar Newcastle, ita ma.

Sun ce a riƙa sauya wa kowa lambobin tambaya don rage satar amsa, kuma a fara da aikin gida mai ɗan maki har hannu ya saba da shigar da alamomi. Wannan, a ganina, ya fi komai muhimmanci. Tambayar kafa hujja kuwa, a bar ta a takarda, malami ya duba da kansa.